Takardar Neman Aiki ta Sabuwar Nas

Sau da yawa sabuwar nas takan ɗauka ba ta da abin rubutawa a takardar tarihinta, tun da ba ta taɓa aiki ba. Wannan kuwa kuskure ne. Cikin shekara 3 na koyon jinya ta zaga ɗakin tiyata, da na yara, da na haihuwa. Lalle ne ta ambaci kowanne da makonnin da ta yi, sa'an nan lambar rajistarta daga Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Amma kada ta rubuta abin da hannunta bai iya ba, domin kuwa bisa wannan takarda za a damƙa mata majinyaci tsakar dare, ba likita kusa.