Koma Gida, Ba Ka Gama Kurmancewa Ba

Akwai wata kurumta da ba a yi wa mai ita uzuri. Leƙa kasuwar Bagudo ko majalisar dattawa a Sharabi, ba za ka rasa mai ita ba. Yana jin rugugin babur tun daga nesa, amma jikarsa na gabansa tana magana sai ya ce, "Me kika ce, 'yar nan?" Mutanen gida su ce ai Baba abin da ya ga dama yake ji. Ba su san abin da ya mutu a kunnensa ba.

Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar dodon koɗi. Bakinsa ke kama siraran sautuka, irin na "s" da "sh", ƙuryarsa kuma ke kama masu kauri. Tsufa da ƙarar injin niƙa da allurai irin su gentamicin, bakin suke fara ci. Ƙara ƙarfin sauti ba ya ta da abin da ya riga ya mutu. To yaya za a yi?

A 1977 wani likitan Ostareliya, Graeme Clark, ɗan wani mai shagon magani da kurumta ta addaba, yana zaune a bakin teku yana wasa da ɓawon koɗi. Ya zura masa tsinken ciyawa, sai ya ga tsinken ya bi lanƙwasar ya shige, saboda kansa na da laushi, gindinsa na da tauri. A watan Agusta 1978, a birnin Melbourne, ya zura waya mai irin wannan hali a kunnen Rod Saunders, wanda haɗarin mota ya kurmantar. Wayar ta riƙa tsikarar jijiyar ji da lantarki, mutumin ya ji.

Ga inda gizo ke saƙa. Likitoci sun yi imani duk kunnen da wayar ta shiga, ɗan sauran jin da ke ciki ya tafi ke nan. Saboda haka kurma tuburan a yi masa aiki, mai rabin ji kuwa a sallame shi. Kusan shekara ashirin ana haka. Mai karatu, da kai ne aka ce ka jira sai kunnenka ya ƙarasa mutuwa, me za ka ce wa likitan?

A 1999 Christoph von Ilberg na birnin Frankfurt a Jamus ya nuna cewa kunne ɗaya zai iya karɓar lantarki da sauti na asali a lokaci guda. A Jami'ar Iowa ta Amurka kuma, Bruce Gantz da Christopher Turner suka yi abin da ya fi komai sauƙin faɗa: suka gajarta wayar. Milimita 6 da farko, daga baya 10. Ta tsaya a bakin da ya mutu, ta bar ƙuryar da ranta, abin ƙara ji na waje ya taimaka mata. Ga Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne, don hawa da saukar murya, wanda harshenmu ya dogara da shi, a sauti mai kauri yake tafiya, kuma lantarki kaɗai bai iya isar da shi sosai.

Amma kada ka yi saurin tafi. A watan Maris 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar Nucleus Hybrid L24, mai gajeriyar waya, ga 'yan shekara 18 zuwa sama, a kunne ɗaya. Mutum 50 aka gwada. Akasarinsu sun fi gane magana, amma 22 sun rasa kusan duk jin da aka shiga aikin don a kare shi, har shida aka sake yi musu tiyata aka sa doguwar waya.

Yanzu ga takarda a gabanka, ga biro, likita ya karanta maka wannan lissafi bai ɓoye komai ba. Rabin jin da ka saba da shi, ko maganar jikarka tar, amma da kasadar kusan rabi da rabi? Za ka sa hannu?