Ɓeran Kwamfuta da Kusurwoyin Allo

Yara, duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya ga wani ɗan abu a gefenta, wanda ake dafawa ana jansa bisa tebur. Turawa suka sa masa suna ɓera, don igiyarsa ta yi kama da wutsiya. Waɗansu Hausawa kuwa sukan ce linzami, gama da shi ake juya na'urar kamar yadda mahayi ke juya doki. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙago shi. Na farkon, wanda aka yi a 1964, ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya tak.

In ka ja ɓera, sai ka ga wata 'yar kibiya tana tafiya a kan allon kwamfuta. To, yaya kwamfuta take sanin inda kibiyar ta tsaya, alhali ba ta da ido? Ƙidaya take yi. Allon nan cike yake da ɗigo-ɗigo ƙanana, jere bisa layi. Alluna da yawa suna da ɗigo 1920 daga hagu zuwa dama, da 1080 daga sama zuwa ƙasa. Daga kusurwar sama ta hagu ake fara ƙidaya. Da ka danna maɓalli, sai kwamfuta ta riƙe lamba biyu, watau nisan kibiya daga hagu da nisanta daga sama.

Saboda haka ana iya raba allo kashi-kashi, kamar yadda manomi ke raba gonarsa, nan gero, can wake. Dannawa iri ɗaya ce, amma kowane kashi da aikinsa.

Ga wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. A ce akwai magatakarda wanda kowace safiya sai ya buɗe littafin lissafi a kwamfuta, ya rubuta kwanan wata, ya haɗa jimlar kuɗin jiya, sa'an nan ya buga takarda. Kullum haka, ba canji. Yana iya koya wa kwamfuta waɗannan ayyuka sau ɗaya, bi da bi, ta haddace su. Irin wannan jerin umarni shi ake kira makaro. Sai ya ce mata, in na danna a kusurwar sama ta dama, ki yi su duka. Akwai manhajoji na yin haka, kamar AutoHotkey, wadda ta fito a 2003, kuma kyauta ake samunta.

Don me ake son kusurwa? A 1954 wani masani, Paul Fitts, ya auna yadda hannun mutum ke kaiwa ga abin da ya nufa. Ya gane cewa in abu ƙarami ne, ko yana nesa, hannu ya fi daɗewa kafin ya same shi. Kusurwa kuwa ba ta da wuyar samu. Kome ƙarfin da ka tura ɓera, kibiya ba ta wuce bakin allo, can za ta tsaya cak. Ko idonka a rufe ba za ka kuskure ta ba. A kwamfutocin Apple ma ana iya ba kowace kusurwa aikinta, kibiya na isa sai aikin ya tashi, ko ba a danna ba.

Amma fa a lura. Kwamfuta bara ce mai biyayya, ba mai hankali ba. In magatakardan nan ya koya mata ta danna a wuri kaza, kashegari kuwa wani ya gusar da littafin zuwa gefe, can dai wurin jiya za ta danna, ko da abin da ke wurin yanzu na share rubutu ne. Haka kuma gwiwar hannu na iya ture ɓera ya kai kusurwa ba da nufi ba. Shi ya sa ma'aikaci mai lura ba ya ɗora aikin sharewa a kusurwa. In kuwa ya zama dole, sai ya shirya shi yadda ba zai tashi ba, sai an danne wani maɓalli da ɗaya hannun tukuna.