Fuat Sezgin, Mai Bin Sawun Littattafan Magabata

Cikin shekarar 1960, bayan sojoji sun karɓe mulki a ƙasar Turkiyya, aka sallami malamai 147 daga jami'o'in ƙasar. Cikinsu har da Fuat Sezgin, mutumin garin Bitlis, wanda aka haifa a 1924. Da shekara ta kewayo sai ya yi ƙaura zuwa Jamus, ya zauna a birnin Frankfurt, kuma a can ne ya yi aikin da ya fito da sunansa.

Tun yana Istanbul, inda ya yi karatu a gaban Bajamushen nan Hellmut Ritter, ya nuna irin hanyar da zai bi. Bincikensa a kan Sahihul Bukhari ya kawo hujjar cewa Imamin ya dogara da rubutattun littattafai da suka gabace shi, ba ruwayar baka kaɗai ba.

Jama'a da yawa sukan ce Musulmin dā sun yi zarra a kimiyya, amma in aka tambaye su ina shaida, sai magana ta tsaya. Shi kuwa Sezgin shaidar ya shiga nema. Ya bi ɗakunan ajiyar littattafai ƙasa-ƙasa, yana duba rubuce-rubucen hannu, yana rubuta sunan mawallafi da na littafi da wurin da kowane kofe yake. Da farko niyyarsa ya cike giɓin da Carl Brockelmann ya bari, sai aikin ya zama sabo fil, wato tarihin rubuce-rubucen Larabci tun daga farko har zuwa wajejen shekara ta 430 bayan Hijira. Juzu'i na farko ya fito a 1967, na likitanci a 1970, na lissafi a 1974, na ilmin falaki a 1978, har suka kai 17. Abin takaici ga almajiranmu, da Jamusanci ya rubuta, ko da yake an mai da wasu sassa zuwa Larabci.

Ya sami kyautar Sarki Faisal a 1979. A 1982 ya kafa cibiyar nazarin tarihin kimiyyar Larabawa da Musulmi a Jami'ar Frankfurt, inda aka ƙera ɗaruruwan na'urori irin na dā, kamar na auna taurari da agogon ruwa da kayan fiɗa, bisa sifar da littattafan suka bayar.

Ƙasar da ta sallame shi ta buɗe irin wannan gidan tarihi a lambun Gulhane na Istanbul a 2008. Ya rasu ran 30 ga Yuni, 2018, aka binne shi a gefen gidan.