Kuɗi sun fita amma ba su iso ba: a ina suke maƙalewa?

Daga Konni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ba abin da ke haɗa mai kaya da mai saye rigima a yanzu kamar turin kuɗi ta waya. Wannan ya ce ya tura, ga shaida. Wancan ya ce shi dai bai gani ba. Akan riƙe mota cike da wake har la'asar a kan haka, alhali sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu.

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, banki ko kamfanin waya ba littafi ɗaya yake rubuta asusunmu a ciki ba. Na'ura guda ba za ta iya ɗaukar miliyoyin mutane a lokaci ɗaya ba, kuma in gobara ta ci ta, shi ke nan. Don haka ake rarraba rumbun bayanai a na'urori masu yawa, wasu ma a garuruwa daban-daban. A tsari da yawa ana ajiye kowane rubutu wuri uku, ba a kuma cewa ya tabbata sai biyu sun amsa.

To, a nan gizo ke saƙar, kuma 'yan canji sun fi kowa saninta. A ce Alhaji yana da yaro a Maraɗi da wani a Kano, kowa da littafinsa. Wani ɗan kasuwa yana da ajiyar sefa miliyan ɗaya a wurinsu, sai waya ta katse tsakanin garuruwan biyu, ga shi kuma ya zo Maraɗi yana neman kuɗinsa. Yaron ya biya? Wataƙila wakilin mutumin ya riga ya karɓa a Kano. Ya hana? Ya ɓata wa mai gaskiya rai da ciniki. Babu hanya ta uku. Wannan ne abin da Eric Brewer, malami a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ya bayyana a shekarar 2000, masana biyu na jami'ar MIT, Seth Gilbert da Nancy Lynch, suka tabbatar da shi da lissafi a 2002: muddin sadarwa ta yanke tsakanin na'urori, dole a zaɓa, ko a ci gaba da amsa wa jama'a, ko a tsare daidaiton lissafi.

A harkar hotuna da gaisuwa ana iya zaɓen na farko. A harkar kuɗi kuwa jira ake zaɓa, kuma a ganinmu hakan ne daidai, duk da zafinsa. Har sanin wane rubutu ya riga wani aiki ne ja: sai da kamfanin Google ya haɗa da agogon atam da na tauraron ɗan Adam a tsarinsa na Spanner, wanda ya bayyana a 2012, don na'urorinsa su daidaita a kan lokaci.

In turin daga wani banki ne zuwa wani, littattafai uku ke nan: na mai turawa, na mai karɓa, da na mai shiga tsakani, kamar NIBSS a Najeriya. Ana iya cire kuɗin a na farko, amsar na ƙarshe ta ɓace a hanya. Sai an zo gwada littattafan sannan a ƙarasa turin ko a mayar.

Saurin gano matsalar shi ke bambanta kamfanin kirki da na jeka-na-yi-ka. Akwai injiniyoyi masu gadi dare da rana, suna duban yawan masu shigowa, daɗewar amsa, yawan turin da ya faɗi, da kuma yadda na'urori suka kusa cika, ƙararrawa na tashe su in abu ya wuce iyaka. Sai dai alƙaluma kan yi ruɗi. Kamfani zai ce 99 cikin 100 sun wuce lafiya, amma a turi miliyan ɗaya mutum 10,000 ke nan a tsaye bakin shago. Mun ga yadda abin yake a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da jama'a suka koma waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna suka dinga durƙushewa.

Mai gadin ma yana buƙatar gadi. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke na kusan awa shida, kamfanin da kansa ya ce kayan da injiniyoyinsa ke binciken matsala da su sun mutu tare da sauran. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta tsaya cik a wurare da dama.

Saboda haka, mai kaya kada ya saki kaya don hoton rasit ko saƙon tes. Ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin a ciki. Mai turawa kuma kada ya yi gaggawar sake turi, don na farkon na iya isa daga baya ya zama ya biya sau biyu. Ya adana doguwar lambar nan da ke jikin rasit, domin da ita ake bin sawun kuɗin a dukkan littattafan uku.