Darasin Motsa Jiki a Makarantun Dutsi

Duk wanda ya duba jadawalin darussa da ke manne a ofishin hedimasta a makarantun firamare na ƙasar Dutsi, wadda ke maƙwabtaka da Daura a arewacin Jihar Katsina, zai tarar da darasin motsa jiki, wanda yara ke kira Fi'i, a rubuce a gurbinsa kamar lissafi da Turanci. Amma in ya tsaya gindin darbejiya har sa'ar ta yi, abin da zai gani a galibin wurare shi ne a jefa wa samari ƙwallo guda, ƙarfafa su mamaye ta, raunana su koma gefe suna kallo, 'yan mata kuwa su zauna inuwa suna carafke, malam ya sami sararin duba littattafan rubutu. Ba a kiran wannan karantarwa, ko da an sassauta hukunci.

Alhali ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce ga wannan fanni. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yaye manyan Arewa da wasanni a cikin tarbiyyarsu, har Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya riƙe wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango bayan ya zama Firimiya. Malamanmu na addini ma ba su ƙyamaci abin ba, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma Imamu Gazali ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan tashi daga karatu, saboda hana shi yana dusashe basira, ya sa ɗalibi ƙin ilmin baki ɗaya.

To, ina aka kuskure? Tun da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a 1976, ajujuwa suka cika maƙil, malamai suka yi ƙaranci, sai aka fara ɗora darasin a kan duk wanda ke da saura a jadawali. Da aka sake tsarin manhaja a 2012 kuma, aka cusa shi cikin darasin kimiyya da fasaha, ya koma abin da ake rubutawa a allo a haddace domin jarrabawa, har ka sami yaron da zai zayyana maka tsawo da faɗin filin ƙwallon raga bai taɓa tsayawa cikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Mai yiwuwa wani ya ce ɗan ƙauye da ke noma da kiwo da ɗebo ruwa ai ya wadatu. Sai dai wahala daban, horo daban, domin ɗaukar jarka ba ya koya wa yaro bin ƙa'ida, ko haƙurin shan kaye, ko aiki da abokin da ba ɗan unguwarsu ba.

A ganina gyaran ba daga kayan wasa zai faro ba, ko da yake kukan da aka fi yi ke nan. Daga malami zai faro. Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da ta Tarayya da ke Katsina suna horar da malamai, kuma da hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma za ta tabbatar kowane gungun makarantu na da masanin fannin guda, mai zagayawa yana nuna wa sauran yadda ake kasa yara rukuni-rukuni, a ɗumama jiki, a koyar da dabara ɗaya, sannan a gwada ta cikin wasa, da an ga canji kafin zangon karatu ya ƙare. Sa'a ma abin lura ce: darasin da aka ajiye ƙarfe goma sha biyun rana a watan Afrilu azaba ne, a mayar da shi safiya, a sassauta shi cikin azumi.

Kayan aikin kuwa muna da shi a gida. Ɗauki langa, wadda ba ta bukatar kome sai fili da zane a ƙasa: yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle a kan ɗayar, 'yan ɓangarensa suna kare wanda aka zaɓa ya zama ruwa, abokan hamayya suna neman ture shi kafin ya kai wurin sha. A cikinta akwai ƙarfin cinya, da daidaita tsayuwa, da shawara tsakanin 'yan wasa, kuma ba wanda ke zaman kallo. Langa da kokawa da dambe duk sun shiga gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka soma a Legas a 1973, saboda haka ba abin kunya ba ne a koyar da langa da usur a wuya.

Sha'anin 'yan mata shi ne mafi wuya, kuma shi aka fi tsallakewa. Iyaye ba lafiyar 'ya'yansu suke ƙi ba, cakuɗuwa da rashin sutura suke ƙi. Inda aka keɓe wa 'yan mata gefensu na fili, malama ta tsaya a kansu, aka bar su da hijabi da dogon wando, aka fara da gaɗa da tsallen igiya kafin a kai ga gudu, da wuya uba ya hana. Wannan magana ce da kwamitin iyaye da malamai, tare da mai unguwa da liman, za su iya yankewa a zama guda, su kuma roƙi hedimasta ya hana gini ko shuka a filin makaranta.