Kalmar Phenomenal da Tushenta: Misali daga Mpape

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape da ke yankin Bwari, har mazauna Maitama suka ji a jikinsu, hukuma kuma ta dakatar da fasa duwatsu a wurin. Malamin kimiyya zai kira wannan lamari natural phenomenon. A 2020 kuwa, tafkin da ya taru a tsohon ramin fasa dutse na Crushed Rock ya yi suna, matasa suka riƙa tururuwa zuwa ɗaukar hoto. Mai yabon tafkin da Ingilishi zai iya cewa phenomenal. Kalmomin biyu tushensu ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban, kuma ɗalibin Mpape zai gamu da su a darussa biyu daban.

2.0 Asali da Ma'ana

Phenomenon suna ne da ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin "abin da ya bayyana". Jam'insa phenomena, wanda ɗalibai kan ɗauka tilo ne. A fagen kimiyya yana nufin duk abin da ke aukuwa wanda za a iya lura da shi, a auna shi, a bayyana dalilinsa. Hazon hunturu, bakan gizo, husufin wata da tsatsar ƙarfe duk suna ciki. Babu yabo ko mamaki a wannan ma'ana.

Phenomenal kuwa sifa ce da aka gina da ɗafa-ƙeyar -al a ƙarni na 19. A maganar yau da kullum tana nufin abin da ya zarce sa'a, kamar nasara, ƙwazo ko bunƙasar gari. Sunan ma yakan ɗauki wannan ma'ana idan an jingina shi ga mutum, shi ya sa aka yi wa ɗan ƙwallon Brazil, Ronaldo, laƙabi da Fenomeno.

3.0 Matsalar Fassara

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne fassara duka biyun da "abin al'ajabi". Al'ajabi kalma ce da Hausa ta ara daga Larabci, kuma a kunnen Bahaushe tana nuni ga abin da ya fi ƙarfin hankali. Idan aka gaya wa yaro cewa motsin ƙasar unguwarsu abin al'ajabi ne, an toshe masa hanyar tambaya ke nan. Ba zai nemi sanin yadda duwatsun ƙarƙashin ƙasa ke gocewa ba, balle matakin da ake ɗauka idan bango ya tsage. Manufar darasin kimiyya kuwa ita ce ya yi waɗannan tambayoyi.

Ga sifar kanta, Hausa ba ta rasa kalmomi ba, sai dai kowace da muhallinta. A phenomenal success "gagarumar nasara" ce. A phenomenal student "ɗalibi mai hazaƙar gaske" ne, ko "fitaccen ɗalibi". Phenomenal growth, irin yadda Mpape ta cika ta batse da masu aiki a Abuja, "bunƙasa mai ban mamaki" ce. Ke nan, sunan da sifar ta raka shi ke zaɓar fassararta.

4.0 Shawarwari

Na farko, a jerin keɓaɓɓun kalmomin kimiyya a fassara phenomenon da "lamari" ko "abin da ke aukuwa", a bar "al'ajabi" ga darasin adabi. Na biyu, a koyar da phenomenal cikin jimla tare da sunayen da take rakiya, kada a ba da ita a ware da ma'ana guda. Na uku, malamin Ingilishi da na Hausa da na kimiyya su daidaita fassara tun wajen tsara darasi. Malamin da ke Mpape na iya ba ɗalibai aikin rubuta jimla biyu, ɗaya a kan motsin ƙasar 2018, ɗaya a kan tafkin, sannan su fassara kowace zuwa Hausa.