Zaman Bita Tsakanin Marubuta da Matsayinsa a Adabin Hausa

Gabatarwa

Kowane littafi da ya amsa sunansa yakan bi ta hannu biyu kafin ya isa ga jama'a, watau hannun wanda ya rubuta da hannun wanda ya duba. Na farko shi ake sani, shi ake yabo, sunansa ke bisa bango. Na biyu kuwa ba safai ake jin labarinsa ba, alhali in babu shi da wuya aikin ya tsaya da ƙafarsa. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin wannan hannu na biyu a ƙasar Hausa, a ga yadda ya tashi daga teburin edita ya koma hannun ƙungiyoyin marubuta, sa'an nan a duba abin da wannan ke nufi ga mai rubutu da ke zaune a karkara, kamar ƙasar Gezawa ta Jihar Kano.

Abin da ake nufi da zaman bita a nan shi ne marubuta su taru, ɗaya ya karanta abin da ya rubuta tun ba a buga ba, sauran su nuna masa inda ya yi kyau da inda ya gaza, ya koma ya gyara. Sharaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne wannan na "tun ba a buga ba". Sharhin da aka yi bayan littafi ya shiga kasuwa yana amfanin mai karatu da mai nazari, amma littafin kansa ya riga ya wuce gyara.

Tushen al'adar

Bai wa ɗan'uwa rubutu ya duba tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A tsangayun allo, irin waɗanda ke warwatse a ƙauyukan Gezawa da Minjibir da Gabasawa, alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan miƙa shi ga 'yan'uwansa alarammomi su bi shi harafi harafi, wasali wasali. Haka kuma a zaman musaffa, mahaddaci na karatu, sauran na saurare, da ya yi tuntuɓe za a tsayar da shi. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin cin fuska, domin kowa ya yarda daidaiton karatun ya fi girman mai karatun. Masu kwafar littattafan ilmi su ma suna da muƙabala, wato a ɗora kwafi kusa da asali, ɗaya na karantawa ɗaya na bi.

A fagen waƙa ma malaman jihadi sun yi aiki da hannu da yawa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, alal misali, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Wannan ba bita ba ce a ma'anar da aka bayar a sama, amma tana nuna cewa tun ƙarni na 19 ba a ɗauki rubutu a matsayin kayan da mutum ɗaya ke kullewa a akwati ba.

Zamanin edita

Da rubutun boko ya zo, aikin dubawa ya koma ofis. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa sunaye biyu ke kansa, John Tafida da East. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya domin ya rubuta Magana Jari Ce, yana rubutu East na dubawa. Daga baya aikin ya bi ta Kamfanin Gaskiya, da Hukumar NORLA a shekarun 1950, da Kamfanin NNPC wanda aka kafa a 1966.

Wannan tsari ya fitar da littattafai masu tsabtar harshe, waɗanda har yau ake koyarwa a makarantu. Amma yana da aibi biyu. Na ɗaya, ƙofar ƙarama ce, marubuta kaɗan ke shiga, kuma bukatar makarantu ita ke yanke abin da za a buga. Na biyu, dangantakar ta sama da ƙasa ce, edita ke da wuƙa da nama, marubuci kuwa ya bi ko ya koma da takardunsa gida.

Ƙungiyoyin Kano

Mawaƙan baka da na rubutu ba su taɓa dogara ga ɗab'i kaɗai ba, saboda haka su ne suka fara haɗa kai. A shekarun 1970 akwai ƙungiyar Hikima a Kano ƙarƙashin Mudi Sipikin, da ƙungiyar Hausa Fasaha wadda Aƙilu Aliyu ya jagoranta. Hikima ta tara mawaƙa maza da mata, har da Hauwa Gwaram da Alhajiya 'Yar Shehu, kuma ana rera waƙoƙin membobinta a rediyo. Graham Furniss ya yi nazarin digirinsa na uku a kan wannan ƙungiya, ya kammala a 1977. Waƙa tana da abin da ya sauƙaƙa bita, domin karyewar kari ko saɓanin amsa-amo kunne ke kama su nan take, ba sai an yi gardama ba.

Marubutan zube nasu lokacin ya zo a shekarun 1980. Tattalin arziki ya karye, darajar naira ta faɗi bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta. A daidai wannan lokaci kuwa shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976, da yaƙi da jahilci na Jihar Kano, sun samar da ɗimbin sababbin masu karatu, musamman mata. Sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. A Raina Kama aka sami Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu.

Waɗannan ƙungiyoyi sun ɗauki nauyin da kamfani ya ajiye: neman maɗaba'a, da tallata littattafan juna, da hulɗa da dillalan kasuwa. A wannan fanni sun yi nasarar da ba a taɓa gani ba, domin littattafan Hausa sun shiga gidajen da littafin NNPC bai taɓa shiga ba. Amma cikin ayyukan kamfanin ɗab'i, dubawa ita ce mai cin lokaci, ita ce kuma ba ta kawo kuɗi nan take. Kasuwa na jiran kashi na biyu na labari, marubuci na bukatar kuɗin kashi na ɗaya domin ya buga na biyun. A shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a jaridu a kan wannan adabi, inda Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuwa suka tsaya masa. Cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi, akwai waɗanda ba hannun da zai magance su sai na mai dubawa, wato karya ƙa'idojin rubutu, da maimaita jigo, da kwaikwayon finafinan Indiya.

Abin da bita ke kamawa

Marubuci yana karanta abin da ke cikin kansa, ba lalle abin da ke kan takarda ba. Ya san dalilin da ya sa tauraruwarsa ta bar gidan miji, saboda haka ba ya lura cewa bai faɗa wa mai karatu ba. Abokin bita bai san komai ba sai abin da aka karanta masa, kuma rashin sanin nan shi ne amfaninsa.

Gyaran yakan zo hawa uku. Hawan farko na ƙa'idar rubutu ne: a rubuta "yana" a haɗe, a rubuta "gidansu" a haɗe, a bambanta "ƙafa" da "kafa", da "ɓata" da "bata". Hawa na biyu na zubi ne da tsari: yaron da aka haifa a babi na uku kada ya yi aure a babi na biyar in shekara biyu kawai ta wuce. Hawa na uku na gaskiyar rayuwa ne, kuma a nan ɗan karkara ya fi ɗan birni ido. Manomin Gezawa da ya ji an ce an girbe dawa kafin gero, ko an kai amarya ba a yi maganar gara ba, zai tsayar da mai karatu tun bai kai ƙarshen shafi ba.

Sharuɗɗa da matsaloli

Ba kowane taron marubuta ke zama bita ba. Bikin ƙaddamar da littafi taron yabo ne da tara gudummawa, yana da nasa amfanin, amma ba wurin gyara ba ne. A Jamus, ƙungiyar marubuta da aka sani da Rukunin 47, wadda ta yi zamani daga 1947 zuwa 1967 ƙarƙashin Hans Werner Richter, ta kafa doka cewa wanda ya karanta aikinsa zai zauna shiru ya saurari suka, ba shi da damar kare kansa. Hikimar dokar a fili take: marubuci ba zai bi kowane kwafi gida gida yana bayani ba, to gara ya ji yadda rubutun ke tsayuwa shi kaɗai. A gaban wannan rukuni Günter Grass ya karanta wani sashe na littafinsa na ƙagaggen labari na farko a 1958, tun ba a buga shi ba.

A ƙasar Hausa babbar matsalar ita ce kunya da kara. Ƙarami ba ya son nuna kuskuren babba a bainar jama'a, aboki ba ya son ɓata wa aboki. Maganin wannan yana cikin darasin musaffa: a ɗora magana kan shafi da layi, a bar mutum. "A shafi na huɗu ba a gane mai magana ba" zance ne da ƙarami zai iya faɗa wa babba ba tare da rashin ladabi ba. Hausawa dai sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matsala ta biyu tsoron satar fasaha ce, wadda ke sa marubuci ɓoye aikinsa. Ƙaramin rukuni na mutanen da suka san juna, da rubuta ranar da aka karanta kowane aiki, suna rage wannan tsoro. Ta uku ita ce rukuni ya mai da kowa salon shugabansa. Domin haka hukuncin ƙarshe na marubuci ne, ya ɗauki shawarar da ta gamsar da shi ya bar saura.

Wannan batu na ƙarshe shi ya raba bita da tacewa. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 da 2008 aka yi takun-saƙa tsakaninta da marubuta kan yi musu rajista da duba littattafansu. Mai tacewa yana da ikon hanawa, abin da yake tambaya kuwa shi ne ko rubutun ya halatta. Abokin bita ba shi da iko ko kaɗan, tambayarsa ita ce ko rubutun ya cim ma abin da mai shi ya nufa.

Kammalawa

Gezawa tana arewa maso gabas da Kano, cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da ƙauyuka da ya kewaye birnin. Kusancin ya sa littafi da maɗaba'a ba su yi wa ɗan Gezawa nisa ba, kuma a yau wayar hannu ta sa ana sakin labari shafi shafi ba tare da an je maɗaba'a ba ma. Saboda haka fitar da rubutu ya yi sauƙin da bai taɓa yi ba, mai dubawa kuwa ya ƙara wuyar samu. Zaman bita ba ya bukatar jari ko ofis. Malamin firamare, da ɗalibin sakandare, da ma'aikacin asibiti, da alaramma mai kunnen kari, in suka zauna a zaure ko a aji bayan an tashi, sun isa rukuni; mata marubuta kuma suna iya yin nasu a cikin gida. Mutanen da suka san gayya a gona, suka san musaffa a tsangaya, ba baƙin wannan aiki ba ne. Abin da ya rage shi ne a kawo rubutun tun yana ɗanye, a kuma yarda a saurara.